Ina Tashi Aiki Ƙarfe 6, Maigida Kuma Ba Ya Cin Kwanan Miya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Garwa ta Kamaru, 'ya'yana uku: babbar mace ce mai shekara 11, mai bi mata namiji mai shekara 8, sai auta mai shekara 3. Ina aiki a wani kantin magani, Litinin zuwa Juma'a ba na tashi sai ƙarfe 6 na yamma, Asabar kuma rabin wuni. Kafin mai mashin ya sauke ni ƙofar gida an kira magariba. Ina idar da salla sai kicin.

Matsalata ita ce, Baban yara ba ya cin komai da dare sai tuwo, miyar ma sai wadda aka yi a ranar. Ya ce miyar firji ba ta da rai. Mahaifiyarsa kuma tana wurinmu tun rasuwar Alhaji bara. Duk saurina abinci ba ya sauka sai tara da rabi, wani lokaci goma, auta ya riga ya yi barci da guntun burodi a hannu. Ranar da na gaji na dafa taliya, Hajiya ta ture kwanon ta ce su a zamaninsu ko da tsohon ciki ba sa ba miji abincin gwauraye. Shi kuma ya ce in dai aikin ne ke hana ni kula da gida, to in ajiye. Alhali albashina ne kuɗin makarantar yara biyu, ya kuma sani.

Muna da gas mai kai biyu da firji, amma kin san halin wutarmu. Makon jiya ina cikin tuƙa tuwo sai na ji hawaye na zuba, ban san lokacin da suka fara ba. Mijina ba mugu ba ne, Hajiya ma ba na son in saɓa mata. Don Allah ki ba ni dabarun girkin dare mai sauri, ki kuma gaya mini yadda zan yi da su.

Maman uku, Garwa

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da aiki, sannu da ɗawainiya. Hawayen nan ba na ragwanci ba ne, kada ki bari zuciyarki ta gaya miki haka. Mace ta wuni a tsaye tana karanta rubutun likitoci, ta hau mashin cikin zafin Garwa da ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, ta shigo gida ta tarar da mutum biyar suna jiran muciyarta, ai ko raƙumi aka yi wa wannan lodi sai ya durƙusa.

Zan fara da tukunya kafin in zo kan mutane, domin na tabbata ranar da abinci ya fara sauka kafin isha, rabin maganganun gidan za su mutu da kansu.

Gobe in kin shiga kicin ki riƙa duban agogo, ki ga inda awa ukun nan suke tafiya. Za ki tarar ba kan wuta suke ƙarewa ba. Tuwon masara ko na dawa, daga tafasar ruwa zuwa kwashewa, bai fi minti 30 ba. Miyar kuka in akwai romo a ƙasa, minti 15 ya ishe ta. Abin da ke cinye miki dare shi ne aiken yaro ya sayo tumatir, bin layi wurin mai markaɗe, tankaɗe, dakan daddawa, wanke tukunyar jiya, da uwa uba jiran naman tsohuwar saniya da ya rantse ba zai nuna ba. A cikinsu babu ko ɗaya da aka ce dole sai da magariba za a yi shi.

Ki kuma duba kayan miyarmu na gado da kyau. Kuka gari ce. Kuɓewa ana busar da ita a daka. Tumatir ana yi masa kauɗa. Karkashi, daddawa, yaji, kifi banda, duk abubuwa ne da aka gama wahalarsu tun da wuri aka adana. Don wa aka yi su? Don macen da ta wuni a gona ko a rijiya, ta dawo rana ta yi ja, ga mutanen gida suna jira. Kakanninmu sun san girkin sauri tun kafin a ƙera firji. Saboda haka ba sai kin rabu da tuwo ba kafin ki huta. Wahalar za ki kwashe daga daren Litinin ki mayar da ita safiyar Lahadi.

Ga yadda nake ganin zai yiwu. Gari dai a niƙa na wata guda a lokaci ɗaya, masara ne, dawa ce ko masakwa, duk wanda gidanku ya saba da shi. A baza shi ya huce ya sha iska, a tankaɗe shi duka rana ɗaya, a zuba a bokiti mai murfi. Daga ranar kin yi sallama da rariya sai wani watan. Cefanen mako kuma a yi shi Asabar da yamma.

Ranar Lahadi da safe, kafin rana ta yi zafi, ki ɗora nama, gwargwadon abin da aljihu ya ba da, amma ki tabbata akwai ƙashi a ciki don shi ne ran romo. Albasa, citta, tafarnuwa, masoro, gishiri, ruwa mai yawa. Ya dahu har ya yi laushi. Ki tsame naman ki raba shi kashi-kashi, romon ma ki raba a ƙananan robobi, kowace roba ta miyar dare ɗaya. A ɗaya kan gas ɗin kuma markaɗen tumatir, tattasai, attaruhu da albasa. Nan ne mata da yawa ke gaggawa su ɓata aikin. Ki zuba shi a tukunya ba mai, ki bar shi ya yi ta tafasa a buɗe har ruwan ya tsotse, ya yi kauri ya fara kama gindi yana tsalle. Sannan ki zuba mai, man gyaɗa ne ko na 'ya'yan auduga irin Diamaor, ki yi ta juyawa da ƙaramar wuta har man ya taso sama ya yi ja, ƙarnin ɗanyen tumatir ya tafi. In kika ɗebo a cokali kika karkata bai zubo da ruwa ba, ya yi. Ya huce, ki ƙulla ludayi bibbiyu a leda, ki danne ledar ta yi faɗi kamar tafin hannu. Mai faɗi ta fi saurin daskarewa, ta kuma fi saurin narkewa ranar da kike buƙata.

Yanzu bari mu shiga daren Litinin tare. Kin shigo ƙarfe 6 da minti 20. Tun kafin ki cire mayafi ki ɗora ruwan tuwo a kai ɗaya, ki juye robar romo da naman a ɗayan, wanda kika sauko da su ƙasan firji tun da safe. Ki rage wuta, ki ce wa babbar ta zauna nan kusa, ki je ki yi alwala ki yi salla a natse. Kina dawowa ruwa ya tafasa, sai talge. Yayin da talgen ke dahuwa, ki jefa daddawa a romo, ɗan soyayyen markaɗen nan, da kifi banda in akwai. Ki koma ki zuba gari ki tuƙa, ki rufe ya turara. Kafin ya turara ki rage wutar miya, hannu ɗaya na barbaɗa kuka, ɗaya na kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji. Minti 5 ta yi. Ki sake tuƙa tuwon, ki kwashe, ki malmala. Ki duba agogo: bakwai da kwata, ko da rabi in auta ya riƙe miki zane. Ladan bai kira isha ba.

To wannan kwanan miya ce? Ko kusa. A daren aka kaɗa ta, ƙamshin daddawarta ya kai ƙofar gida. Romo ne kawai ya kwana, shi kuwa romo ba ya da yauƙin da zai mutu. Kuma in faɗa miki gaskiya, maigidanki yana da 'yar hujja. Miyar kuka da ta kuɓewa in suka kwana a firji aka sake ɗumama su sukan tsinke, yauƙin ya tafi, harshen wanda ya tashi da tuwo kuwa yana ganewa. Ki ba shi gaskiyarsa a nan, zai fi saurin ba ki taki a wani wurin. Sai dai ina da tambaya guda da za ki ajiye a ranki ki yi dariya ke kaɗai: yana cin ɗumame da safe? In yana ci, to ashe ba kwanan abinci ya ƙi ba.

Da wannan romo da markaɗe, miyar mako duk ta zo hannu. Busasshiyar kuɓewa hanyarta ɗaya da kuka. Ɗanya kuwa gogawa ce kawai, yaro ɗan shekara 8 zai iya. Miyar yakuwa da gyaɗa, wadda maƙwabtanmu Fulani ke ce wa folere, ita ce ake ganin tana cin lokaci, amma tsinkewa da wankewa ne wahalarta. Ki tsinke ta Lahadi, ki tafasa, ki zubar da ruwan farko don tsamin ya ragu, ki matse ki dunƙula kamar ƙwallon yara ki sa a gidan ƙanƙara. Daren da za ki yi, ki dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali uku ko huɗu a cikin romo, ta dahu har mai ya fara tasowa, ki jefa dunƙulen yakuwa, ɗan ruwan kanwa kaɗan, da daddawar batso in kuna so. Minti 20. Lalo da ganyen tafasa ma haka. Gyaɗar dai, in da hali, ki saya da kanki ki tsince ruɓaɓɓu da masu fumfuna kafin a soya a markaɗa, don dafuwa ba ta kashe gubar da ke cikin irin waɗannan.

Sai maganar wuta, don na san kina karantawa kina cewa Anti ta manta inda muke. Ban manta ba. In ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya a ƙarshen rani, kowa a arewa ya san abin da ke biyo baya. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4 bayan an ɗauke wuta. Babbar firiza in tana cike takan kai awa 48, in rabi ce awa 24, amma ɗan gidan ƙanƙara na saman firji bai kai haka ba. Ki cike duk wani gurbi da gorunan ruwa su daskare, su ne za su riƙe miki sanyi, ki kuma kafa doka ba mai buɗewa in babu wuta. Abin Litinin da Talata zai iya zama a ƙasan firji, na sauran kwanaki a daskarar. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, a zafin bazara ma awa 1. Duk abin da ya narke har ya yi ɗumi, kada ki mayar, kada ki ce bari in tafasa in gani. Ni da nake gaya miki na taɓa yi. Muna zaune a Marwa lokacin, aka ɗauke wuta kwana guda cur a watan Afrilu, na ji tausayin tukunyar miyar gyaɗa da na kashe wa kuɗi, na tafasa na ba mutanen gida. Kuɗin da na kashe a irin kantinku washegari ya ninka na miyar. Ki yi hattara da gyaɗa da dafaffiyar shinkafa musamman, su biyun ba su da haƙuri.

Saboda haka a watannin da wuta ke wasa, ki rage dogaro da firji ki koma wa busassun kaya. Kifi banda na Lagdo ga shi nan a kasuwa. Ki ɓare shi Lahadi, ki cire ƙaya, ki wanke da ruwan zafi, ki shanya ya bushe ƙarau, ki zuba a kwalba. Da shi da daddawa da albasa, ruwan zafi ya zama romo cikin minti 10. Kauɗa da busasshen tattasai a daka su zama gari, su tsaya a madadin markaɗe. Nama kuma a soya shi ya bushe sosai, zai fi jure rashin sanyi.

Duk da haka ba na so ki tuƙa tuwo dare bakwai a mako. Kafaɗa ma tana da hakki. Dare biyu ko uku a ci wani abu, amma ki zaɓi abin da Hajiya ba za ta kira abincin gwauraye ba. Ɗanwake na farko: in garin yana haɗe a ajiye da kukarsa, kwaɓawa da ruwan kanwa da jefawa ne kawai, ya taso ya ƙara 'yan mintoci ki tsame, mai da yaji, dafaffen ƙwai, tumatir da albasa. Ban taɓa ganin tsohuwar da ta ture ɗanwake ba. Lokacin da doyar garin Mbe ta cika kasuwa, faten doya da ledar markaɗe ɗaya da kifi da alayyafo bai wuce minti 30 ba, dankali ma haka. Faten tsaki da yakuwa ko rama yana da laushi ga haƙoran tsoho, yana kuma shiga da dare. Wake da shinkafa, in kin dafa waken Lahadi kin daskarar, shinkafar kawai za ki jira. A daren da zafi ya hana kowa sukuni, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi tuwo shiga, ko su ba su faɗa ba. Taliyar kuma kada ki jefar da ita don magana ɗaya. Yara na sonta. Ki yi musu irin ta masu shayin bakin titi, dafaffiyar taliya a kaɗa cikin ƙwai da albasa da tumatir a soya, a tura cikin burodi, manya kuma su ci nasu.

In kuɗi ya samu, ki sayi tukunyar nan mai huci da ake ce wa kokot. Waken da aka jiƙa tun safe yana nuna a cikinta cikin minti 15 zuwa 20 ba sai kin cika masa kanwa ba, kin kuwa fi ni sanin yawan kanwa na rage amfanin abinci. Naman da ke cin awa biyu ya dawo rabin awa. Tulun gas mai kilo 12.5 sefa 6,500 ne a farashin gwamnati, in ya yi wuya kuma sai yadda mai shago ya ga dama, don haka tukunyar za ta biya kanta.

To, mu dawo kan mutanen gida, inda ya fi tukunya wuyar sha'ani.

Maigidanki kin ce ba mugu ba ne, na kuma yarda da ke. Ki duba inda yake tsaye. Yana dawowa da yunwa, yana jira har goma, ga mahaifiyarsa a gefe tana jefa magana, shi kuma ba ya son a ce ya kasa riƙe gidansa a gabanta. Maganar “ki ajiye aikin” ina zaton daga nan ta fito, magana ce ta mai jin yunwa da kunya, ba lissafi ya zauna ya yi ba. Wannan ba ya nufin ya kyauta. Mutumin da ya san albashinki ne ke biyan makarantar 'ya'yansa bai kamata ya riƙa magana kamar yawo kike fita ba. Amma kada ki ɗauko zancen ƙarfe tara na dare kina gumi yana hamma. Ki fara saukar da abinci kafin isha dare uku a jere. In ya tambaya yadda aka yi, ki gaya masa gaskiya, ba abin ɓoyo ba ne. Sannan ranar Lahadi, ya ci ya ƙoshi, yara sun fita, ki ce masa: “Baban yara, ka ga yadda abinci ya sauka da wuri kwanan nan? Ina so ya ɗore, amma ni kaɗai ba zan iya ba. Abu uku nake roƙo.” Kuɗin cefane ya riƙa ba ki na mako a dunƙule ranar Asabar, maimakon kullum-kullum. Sayen hatsi da kai niƙa ya zama nasa, ko ya leƙa kasuwar Pitowa ranar Lahadi ya haɗo da albasa. Dare biyu a mako kuma ya yafe miki tuwo, shi ya zaɓi ranakun da abin da za a ci. Namiji in shi ya zaɓa, da wuya ya kushe. In kin ga fuska, ki ƙara da cewa daren Juma'a ya shigo muku da gasasshiyar karfasa ko tsire, ke kuma ki yanka albasa da tumatir. Garin da Binuwai ta ratsa bai kamata mace ta tuƙa tuwo kowace Juma'a ba.

In ya ce aikin gida ba na maza ba ne, ba sai kin yi masa wa'azi ba, ya san an tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Ki ambata sau ɗaya cikin raha ki bar shi da ita.

In kuma ya sake tayar da maganar barin aiki bayan abinci ya daidaita, to ba tuwo ba ne damuwarsa, akwai wani abu, sai ki tambaye shi kai tsaye mene ne. Ku ɗauko takarda ku rubuta kuɗin makaranta, littattafai, magani, gas, ku ga abin da zai rage in albashinki ya fita. In an yi da shi tun kafin aure cewa za ki yi aiki, ki tuna masa a hankali. In abin ya ƙi, ki nemi babba ɗaya da yake jin nauyinsa, ba taron dangi ba. Kada ki ajiye aiki cikin fushi, kada kuma ki riƙe shi don gardama. A wurin aikin ma ki gwada tambaya ko za a bar ki ki riƙa shiga da wuri ki tashi ƙarfe 5 ko da kwana biyu ne a mako. Iyaka a ce a'a.

Hajiya kuwa, maganarta ta yi zafi, ban ce ba ta yi ba. Amma ki tuna shekara ɗaya ke nan da ta rasa miji, ta rasa ɗakinta, ta rasa murhunta. Matar da ta yi shekaru ita ke cewa a ɗora a sauke, yau tana zaune tana jiran a miƙo mata kwano. Zamanin nasu da take faɗa, gaskiya ne sun yi wahala, amma gidan da ta yi girki cike yake da hannuwa: ga 'yan mata masu daka, ga masu ɗebo ruwa, in da abokiyar zama ma kwana biyu take yi ta huta biyu. Wannan tsakanina da ke ne, kada ki kuskura ki faɗa mata, kada ta ce to ai sai a samo miki mai taya ki. Abin da za ki yi, ki mayar mata da wani yanki na sarautarta. Ki ce: “Hajiya, kukar kasuwa duk ƙasa ce, daddawar ma ba ƙamshi. Don Allah ki riƙa zaɓa mana, ki haɗa mana yaji irin naki.” Ba aikatau kika sa ta ba, girma kika ba ta. Ranar da aka kaɗa miya da kukar da ta zaɓa, ki faɗa a gaban ɗanta cewa ta Hajiya ce. Da wuya ta kushe miyar da hannunta ke ciki. Sau da yawa ma irinsu da kansu suke fara cewa a kawo yakuwar su tsinke kafin ki dawo.

Kuma tsohuwa ba ta jure yunwa har goma, wani faɗan nata na cikin ciki ne. Ki dama mata kunun gyaɗa da safe ki zuba a fulas, ta sha bayan la'asar. In tana shan maganin suga ko na hawan jini, cin abinci a kan lokaci ya zama dole ma. In duk da haka magana ta ci gaba da zafi, ba ke za ki mayar ba, ɗanta ne zai lallashe ta, wannan ma ki roƙe shi.

Auta kada ya sake kwana da burodi a hannu. Ko me ake ciki, nasa ya riga na kowa: ɗan fate, ƙwai, ko abin da kika ɗebar masa, ya ci kafin bakwai. Manyan biyu su kama aiki daidai ƙarfinsu, wanke kwanuka, ɓare albasa, shimfiɗa tabarma, namijin ma haka, kada a bar wa macen komai. Amma ban da mai mai zafi, ban da kunna gas su kaɗai, kuma kada yarinya 'yar 11 ta zama uwar gida tana da karatu a gabanta.

In kin gwada duk wannan kika ga Lahadin ma ta zama wata wahalar, akwai wasu hanyoyi. A kowace unguwa ana samun matar da za ta zo awa biyu da la'asar ta yi wanke-wanke ta tuƙa tuwo ta zuba a kula, ke kina zuwa miya kawai za ki kaɗa. Ko maƙwabciya mai tuwon sayarwa ki ba ta garinku ta riƙa tuƙa muku, ki biya ta a wata. Kuɗin ku raba shi da maigida, tun da cikin kowa zai shiga. Gajiyar nan kuma, in ta zo da jiri ko bugun zuciya, ki je a auna jininki, kada ki zama mai ba mutane magani ta manta da kanta.

Wannan makon kada ki ɗauki duka. Niƙa da romo da markaɗe kawai, sai kuka ranar Litinin, kuɓewa Talata, yakuwa Laraba. Maganar ɗanwake da gasasshen kifi ta jira zaman Lahadi. Daren farko da kika sauke kafin isha, ki ajiye musu kwano, ki ɗebi naki, ki zauna ki ci da zafinsa tare da yara, wanke-wanke ya kwana. Ki rubuto mini bayan mako biyu, ina son in ji abin da Hajiya ta ce da aka yi miya da kukarta.